Shingen katakon bargar Kawu da yadda muka zaɓi abin feshi

Maganar da zan kawo ta shingen katako ce, wanda ya kewaye bargar dawakin wani kawuna can bayan gari, gefen hanyar Batagarawa. Na san wani zai ce shingen katako kuma a Katsina? Eh toh, mu dai bulo muka sani da dangar kara, amma masu dawaki lissafinsu daban ne, waya mai ƙaya tana yanka doki, bulo kau in ka zagaye turke da shi sai ya riƙe zafi iska ba ta ratsawa, ga kuma kuɗin siminti da ya fi ƙarfin mutane. Da Kawu ya fitar da dawakinshi daga cikin gari saboda gida ya cika da iyali, sai ya ce shi katako zai sa. Dawaki huɗu ne, ba na folo ba, na hawan sallah ne, amma yadda yake ji da su ko 'ya'yan cikinshi albarka. Kun san mutumin garin Dikko da Nagogo da doki.

Shingen kashi biyu ne, kuma a riƙe wannan don shi ya yanke hukunci daga baya. Kashi na farko falankai ne a tsaye manne da juna babu ko kafar da yatsa zai shiga, tsawon mita 60, tsayi mita 1.8, ya miƙe kudu da arewa, fuska ɗaya na kallon hanya ta gabas ɗaya na kallon cikin barga ta yamma. Kashi na biyu na ciki ne mai raba turaku, dirkoki ne da tubaifo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, uku uku a kwance, kamar mita 90, yawancinshi fili ne iska na wucewa. Dirkokin jan katako ne, falankan farin katako, kuma ɗanye aka kwaso shi daga 'yan katako kamar yadda aka saba, kafinta ya kafa da bazara aka bar shi haka nan tsirara damina ta bi ta kanshi. Zuwa watan Satumba falankan sun yi toka toka, wasu sun tsage ta sama, wasu sun ɗan lanƙwashe, gara kuma ta fara ɗaura ƙasarta a gindin dirkoki. Nan ne Kawu ya kira ni tunda ni ke bin leburori a wajen gini, ya ce "ɗana ka nemo mani injin feshi mai kyau a saya, a feshe wannan abu kafin ya lalace."

Na ce mashi Kawu ku yi haƙuri, inji ba shi ne farko ba, sai mun san abin da za a zuba a cikinshi tukunna. Wanda ya sayi inji bai san ruwan da zai fesa ba ƙarshenta ko dai ruwan ya ƙi fita ko ya fita ya yi yawa.

Shawara uku ta zo. Yaron barga ya ce baƙin mai da kananzir, shi ne kowa ke shafawa a azara da katakon rufi, kuma kusan kyauta ne wajen bakanikai. Gaskiya gara ba ta son shi, amma baƙin mai tarkacen cikin inji ne, akwai ɓurɓushin ƙarfe da sauran guba a ciki, ba ya bushewa har abada, in rana ta take sai ya riƙa tsatstsafowa, doki kuma dabba ne mai gwaguyar katako in ya zamna ba aikin yi, ga shi yana goga jikinshi da shinge. Da na ce ma Kawu ya dubi kilin nan nashi fari fat ya yi tunanin yadda zai fito ranar hawa, nan take maganar ta mutu.

Kafintan da ke mashi kujeru da gadaje shi kuma ya ce a yi sandin sila a bi da banish, zai yi ƙyalli kamar kofar falo. Wannan ita ce shawarar da ta fi daɗin ji kuma ita ta fi hatsari. Sandin sila kayan cikin ɗaki ne, an yi shi don kujera da wadrob. Banish kuma fata yake yi a saman katako ba ya shiga ciki, katakon waje kau kullum cikin motsi yake, da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, kuma mu nan tazarar da ke tsakanin laimar Agusta da bushewar Janairu ba ƙarama ba ce. Fatar nan sai ta tsage, ruwa ya shiga ta ƙarƙashinta ya rasa hanyar fita, ta fara ɓarewa, kuma ranar da za a sabunta sai an kankare mita sittin ɗin nan kaf da sanfefa gaba da baya. Wa zai yi wannan aikin?

Abin da muka tsaya a kai shi ne rinin katako mai mai, siten kamar yadda masu fenti ke cewa, irin wanda ke nutsewa cikin katako kuma an haɗa shi da abin da ke hana ruwa shiga, wato rini da sila a gwangwani ɗaya. Muka zaɓi mai kala ruwan ƙasa ba garai garai ba, dalili kau ita kalar ce ke tare hasken rana, wanda ba shi da kala katakon na komawa toka da wuri. Irin wannan in ya tsufa koɗewa yake ba ɓarewa ba, sai a wanke a ƙara wani a kai shikenan. Maganin gara kuma, irin su Solignum da aka sani a kasuwa, muka ce na gindin dirka ne, kuma ba da feshi ba. Gara daga ƙasa take fitowa, in ka fesa saman dirka ka bar abin da ke binne ka yi aikin banza. Sai da aka tone gindin kowace dirka aka kankare ƙasar garar aka shafa da buroshi har katakon ya ƙoshi sannan aka mayar da ƙasa. Falankan da suka taɓa ƙasa kuma kafinta ya datse ƙasansu aka bar tazarar kamar yatsu uku.

Toh yanzu aka zo lissafi. Mita 60 sau 1.8 ya ba da murabba'in mita 108 a fuska ɗaya, fuska biyu 216. Katakon da ba a goge ba, yadda ya fito daga bakin zarto, lita ɗaya na rufe murabba'in mita 4 zuwa 6 ne, kar a ruɗu da babban adadin da ake rubutawa a jikin gwangwani don wannan na katako mai santsi ne. In ka ɗauki 5 kana buƙatar wajen lita 43 a shafa ɗaya. Na ciki kuma mita 270 na tubaifo, kewayen kowane kamar santimita 30, ya kama murabba'in mita 81 ban da dirkoki. Wannan lissafin shi na riƙe na riƙa auna kowane inji da shi, saboda ruwan ya fi hayar kowane inji tsada nesa ba kusa ba, duk injin da zai watsar da shi a iska ya ci kuɗinmu ko da kyauta aka ba mu shi.

Kawu ya fara da abin da ke hannu. "Ba ga famfon gona nan a sito ba, me za a kashe kuɗi a kai?" Na ce Kawu da shi fa aka fesa maganin ciyawa bana, ku da kanku kuka faɗa mani. Ko an wanke shi ban yarda a kawo shi inda doki ke lasa ba. Amma don kar a ce na ƙi ne kawai sai muka samo sabo na lita 16 muka gwada a guntayen falanki. Abin da muka gani, yana fesawa tunda rinin ruwa ruwa ne, sai dai matsinshi bai wuce bar 2 zuwa 3 ba, ba ya farfasa ruwan ya yi laushi, ɗigo manya manya yake jefawa, wani wuri ya jiƙe sharkaf yana zuba wani wuri ya yi dabbare dabbare, kuma in mai bugun famfon ya gaji matsin ya sabka sai fitar ta canza. Garin kalar ma yana toshe bakin. Sai matsala ta biyu wadda ba a gani ran farko, robobin cikin famfon gona an yi su don maganin da ake damawa da ruwa, mai da kananzir na kumbura su su saki, sai dai in an samu mai robar Viton wanda aka yi don haka. Ban ce ba ya aiki ba fa. Wanda ke da ɗan shinge kuma ba ya son kashe kuɗi zai iya watsa rinin da shi ya bi da buroshi ya baje, amma a nan buroshin ne ke yin aikin, famfon ɗan kai ne kawai.

Na biyu bindigar masu fentin mota da kwamfiresa. Wani mai fentin mota da Kawu ya sani ya zo ya gwada, kuma wallahi hannunshi na da kyau, fitar ta yi laushi sosai. Laushin ne ma matsalar. Bindigar irin ta da tana amfani da iska mai ƙarfi ta mayar da ruwan hazo, a garejin da ke rufe ba laifi, a fili kuma ana kiyasta abin da ke sabka a kan aikin bai fi kashi ɗaya cikin uku ba sauran iska ta tafi da shi. Muna tsaye muna kallon hazon yana tsallaka shinge ya nufi shanyar maƙwabta. Ƙara da cewa kofin bai kai lita ɗaya ba, kwamfiresar tashi ƙarama ce tana yi tana tsayawa ta tara iska, kuma tankin na tara ruwa wanda in ya biyo tiyo ya haɗu da rini mai mai sai ya ɓata wurin. Aka sallame shi da godiya da kuɗin mai.

Na uku shi ne ɗan injin hannu mai lantarki da ake rubuta HVLP a kwalinshi, ana samun na Ingco da Total a shagunan kayan aiki, na Wagner ma na shigowa. Shi iska mai yawa yake hurawa amma a hankali, matsin a bakinshi bai wuce psi 10 ba, shi ya sa ruwan ba ya tashi sama sosai, ƙa'idar da aka gindaya ma irinshi a Amurka ita ce aƙalla kashi 65 cikin ɗari ya sabka a kan aikin. Wutar da yake ci kaɗan ce, wat 400 zuwa 800, ƙaramin jen ma na iya ɗaukar shi. Na so shi gaskiya, kuma a gwaji shi ya fi kowa tsafta. Amma kofinshi mililita 800 ne, ka raba lita 43 da wannan ka gani, sama da cikawa hamsin kenan, kowace cikawa sai an tsaya an kwance an tace an zuba, ga nauyin inji da kofi duk a hannu ɗaya, ga shi ana riƙe shi kusa kamar santimita 15 zuwa 20 fitar ba ta da faɗi. Kuma waɗannan ƙananan ba a yi su don a wuni ana kunnawa ba, motar na zafi. Rini mai nutsewa ba ya son a daɗe tsakanin falanki da falanki, inda aka tsaya ya fara bushewa aka dawo aka hau kai wurin sai ya fi sauran duhu, sai ka ga zane zane a shinge.

Sai na huɗu, eyales, wanda ba ya amfani da iska ko kaɗan. Famfo ne mai fistin da ke zuƙo ruwan kai tsaye daga bokiti ya matsa shi ta wata 'yar ƙaramar kafa, matsin kan kai psi 3,000, wajen bar 200, alhali tayar mota ba ta wuce psi 30 da 'yan kai ba. Masu fentin manyan gine gine ke da shi, a Katsina ba kowane shago za ka shiga ka gani ba, galibi sai an aika Kano wajen Sabon Gari ko Kofar Ruwa, ko a yo oda daga Legas. Da Kawu ya ga wani mai fenti ya feshe falankai biyar kafin ya gama gyara zaman hularshi sai ya ce "wannan za a saya." Nan muka ɗan ja.

Na ce Kawu shingen nan sau ɗaya za a taɓa shi a shekara biyu ko uku, injin kuma in ya zamna ba a amfani da shi ɗan abin da ya saura a cikin famfo ya bushe ƙwallayen bawul su manne robobi su ƙame, ranar da kuka ɗauko shi sai an nemi mai gyara, kayan gyaran ma sai Kano. Ya ce akwai wani yaronshi da ya ce zai samo mashi na hannu daga kayan Amurka da araha, irin su Graco. Na ce injin kirki ne amma na kasuwar Amurka na volt 120 ne mu kuma 230 gare mu, sai an haɗa da tiransifoma mai ƙarfin ɗaukar shi, ranar da wani yaro ya manta ya soka kai tsaye an gama. Mai fentin yana gefe yana jin mu sai ya ce "Alhaji ranka ya daɗe, ni nan in ban wanke shi ran da na yi aiki ba ba na iya barci, ka bar ma masu shi wahalarshi." Kawu ya yi dariya ya ce toh a yi haya, da injin da mai shi.

Sai dai ban yarda a yi duka shingen da shi ba, kuma a nan ne mai fentin ya so ya ja da ni tunda da mita ake biyan shi. Falankan da ke manne bango ne, duk abin da ka fesa ya samu wurin sabka. Tubaifo kuma faɗinshi santimita 10 ne, fitar injin faɗinta 15 zuwa 20, kenan kusan rabi na wucewa ta sama da ƙasa ya faɗa cikin turke inda doki zai dawo ya sa baki, kuma fuska huɗu gare shi sai ka zagaya sau huɗu kana asarar rabi kowane zagaye. Muka ce na ciki da 'yar ƙaramar rola da buroshi za a yi shi, yara biyu suka ɗauka, bai ma ci lokacin da ake tsoro ba. Tubaifon sama, wanda dawakin suka fi gwaguya, mai walda ya bi gefenshi da ƙarfen angul.

Abin da ya fi ɗaukar mamu lokaci a kan eyales ɗin shi ne bakin feshin. Wanda ke jikin bindigarshi an rubuta 517, na fentin emolshon ne. Lambar nan ba ado ba ce, ta farko in ka ninka ta biyu ita ce faɗin fitar da inci in ka tsaya inci 12 daga bango, biyun ƙarshe kuma girman kafar ne, kashi dubu na inci. Wato 517 faɗin inci 10, kafa 0.017. In ka sa rini mai ruwa ruwa a wannan kafar ambaliya zai yi, ya gangaro ƙasa kafin katako ya sha. Rini na son 0.011 zuwa 0.013. Muka sa ya nemo 413, inci 8 kenan, da 311 na lungu da gefe. Kuma na nace sabo nake so, saboda bakin na cinyewa da aiki, kafar ta buɗe fitar ta tsuke, ka ga ruwa na ƙarewa aiki bai ci gaba ba. Matsin ma ba a kai shi ƙarshe ba, an fara daga ƙasa ana fesa kwali ana ƙarawa kaɗan kaɗan har layukan nan biyu masu kauri da ke fitowa a gefe da gefe suka ɓace, nan aka tsaya. Duk abin da ka ƙara bayan nan hazo ne kawai kake ƙarawa.

Lokacin yin aikin ma sai da aka zaɓa. Yawancin gwangwanayen nan suna cewa a shafa tsakanin digiri 10 da 32 kuma ba a cikin rana tsaka ba, a kuma samu kwana ɗaya zuwa biyu ba ruwan sama. Afrilun Katsina na wuce 40, katakon kanshi ya fi haka zafi, rinin zai bushe a sama bai shiga ba. Agusta ruwa, katako a jiƙe. Disamba da Janairu ƙura ce za ta manne a mai. Abin da ya saura ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke buji bai kankama ba. Kafin nan aka wanke falankan da buroshi mai tauri da ruwan omo aka ɗauraye, aka bar su suka bushe sosai. Masu na'urar auna laima suna neman ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, mu ba mu da ita, sai muka riƙa yayyafa ruwa a wurare daban daban, inda ya nutse nan da nan mun san wurin zai sha rini.

Ranar aiki aka kwashe dawakin gaba ɗaya zuwa gonar wani abokin Kawu, aka fitar da kwamin ruwa da na dusa, harawar da ke rumfa aka lulluɓe da tamfol. Aka roƙi maƙwabci ya janye motarshi a kuma ɗage shanya. Gwangwanayen duka aka juye a rabin duro ɗaya aka gauraya don kar kala ta bambanta, aka tace da guntun gyale shara shara, aka sa yaro ɗaya ba shi da aiki sai motsawa don garin kalar na kwanciya a ƙasa. Jen mai 2.5 kVA muka kawo don ƙaramin ba zai ɗauki tashin motar ba, aka aje shi nesa ta inda iska ke fitowa saboda tururin mai na kama wuta, aka kuma haɗa wayar ƙasa ta injin. Da safe bayan raɓa ta bushe aka fara da fuskar yamma tana cikin inuwa, wajen ƙarfe sha ɗaya iska ta taso aka tsaya, bayan la'asar aka koma fuskar gabas.

Yadda aka tsara, mai bindiga na gaba yana bin falanki daga sama zuwa ƙasa, tazarar santimita 30, bindigar a miƙe ba a karkace ba, kowane layi na hawa rabin na baya, in ya yi falanki huɗu ko biyar sai mai faffaɗan buroshi ya biyo shi nan take yana cusa rinin cikin tsaga da ramukan katako yana kwashe wanda ya gangaro. Mai fentin da farko ya ga kamar raini ne a bi bayanshi da buroshi. Amma inji ɗora ruwa kawai yake a sama, katakon da ya sha damina duk gashi gashi ne da tsaga, in ba a danna ba rinin na tsayawa a kan gashin. Kan falankan ta sama, inda zarto ya yanka, nan aka fi jiƙawa har sau biyu da buroshi domin ta nan katako ya fi shan ruwa.

Abu ɗaya da na tsaya a kai ba wasa, ba mai sa yatsa a bakin bindigar nan ko ya tare ɗigon tiyo da hannu. Matsin na huda fata ya tura mai cikin nama, a ido kamar ɗan tsinin allura ne, amma in ba a kai mutum asibiti nan take an gaya ma likita abin da ya shiga ba yana iya rasa yatsan. In bakin ya toshe akwai yadda ake juya shi baya a fesa ya fita, in za a kwance kuma sai an kashe inji an sauke matsin. Takunkumin ma ba na kyalle ba, mai gwangwani biyu na tururin mai muka sa aka saya. Da aka gama yaran suka ɗauko fetur za su wanke inji kamar yadda suka saba, aka hana, kananzir aka yi amfani da shi, fetur da tina a cikin injin da ke fesawa da wannan matsin neman gobara ne. Tsummokaran da aka goge mai da su kuma ba a tara su a lungu ba, irin wannan man in yana bushewa zafi yake fitarwa, tulin tsumma na iya kamawa da kanshi ba wanda ya ƙyasta ashana, ga harawa a gefe. A bokitin ruwa aka tsoma su.

Falankan sun ci wajen lita 50 a maimakon 43 da muka lissafa, wani ya tafi a iska wani ya zamna a tiyo da famfo, sauran kuma katakon ne ya fi yadda muka zata ƙishi. Na ciki ya ci ƙasa da 20. Dawakin ba a dawo da su ba sai da warin ya tafi gaba ɗaya kuma in ka goga farin kyalle ba ya ɗaukar komai.

Wuri ɗaya ne ya ba da matsala, kusa da kofa, inda wani yaron mai fentin ya ga kamar bai yi duhu ba ya dawo washegari ya ƙara shafawa a kan wanda ya riga ya bushe. In za a yi shafa ta biyu da irin wannan rinin ana yin ta ne tun ta farko na da danshi, in ta bushe ta riga ta toshe katakon, sabon sai ya zamna a sama yana danƙo. Ƙurar farko da ta taso ta manne a wurin ya koma fari fari, sai da aka goge da kananzir da tsumma.

Yanzu hunturu ya wuce a kanshi, bazara ta wuce, damina ma ta wuce. Ba inda ya ɓare. Fuskar yamma da ke shan ranar la'asar ta fi koɗewa, ta gabas da hadari ke duka kalarta na nan amma ƙasanta inda ruwa ke fantsamo laka ya yi duhu, kuma in ka watsa ruwa a yawancin wurare har yanzu dunƙulewa yake ya gangaro, ban da saman falankan yamma da suka fara sha. Gara ta sake gwada dirkoki biyu ta kusurwar kudu inda ruwan wankin dawaki ke kwanciya, aka sake tonewa aka shafa aka kuma haƙa 'yar magudana. Shirin da ake yi bana fuskar yamma kaɗai za a sabunta, murabba'in mita 108, kuma tunda katakon ya riga ya ƙoshi ba zai sha kamar na farko ba, don haka ina ganin wannan karon ɗan HVLP ɗin ma zai wadatar, maƙwabcin da aka sa ya janye mota ya sayi ɗaya don kofofin gidanshi ya ce zai ba da aro. Kawu dai har yau in aka yi maganar sai ya ce shi da an bar shi da ya sayi babban.